Kufai Uku, Kabari Ɗaya

Maganar ƙarshe da babana ya yi mini ita ce, "Ku kai ni tsohon gari, kusa da mahaifina." Na amsa da to, don na ɗauka tsohon gari ɗaya ne.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gefen kwarin Tarka, bai ma kai a naɗa masa maigari ba. Abin da na taso ina ji shi ne kakana ya fara haƙa rijiya, mutane suka biyo ruwa suka zauna. Ban taɓa tambayar a ina ba.

Da hantsi Baba ya cika. Ana wanka na je wajen Baffa, ƙanensa, na ce ya nuna mana wurin.

"Kufan gabas ne, gindin aduwa. Nan aka haife ni."

Gwaggo, yayarsu, ta ji daga zaure. "Kai, rufe mana baki! Nan muka komo bayan rijiyar farko ta yi ɗaci. Tsohon gari yana arewa."

Ashe sau uku garin yana tashi, duk rijiyar da ta ƙafe sai a ɗauki sunan a yi gaba. Kaina ya ɗaure. Na ce to yaushe kakan ya rasu, ko mu gane a wanne kufai ake zaune lokacin? Baffa ya ce shekarar fāra ce, Gwaggo ta ce shekarar da shanu suka ƙare. Wani tsohon Buzu da ya zo gaisuwa ya ƙara dagula lissafin, wai kakansa ne ya bar wa namu rijiya can yamma, kuma ya san akwai kaburbura a wurin.

An ɗaura wa sā amalanke, yana tsaye a rana, ba wanda ya san inda za a juya kansa. Ni ɗan lakwal, mai karatun boko, da na haddace tarihin ƙasashen da ban taɓa gani ba, na rasa na gidanmu. Haushin kaina ya kama ni.

Da azahar ta matso liman ya dafa kafaɗata. "Ɗana, gawa ba ta jira. Ƙasa duk ta Allah ce."

Muka sa shi a makabartar bayan gari.

Daga baya Gwaggo da Baffa suka bi shi lahira, kowa da nasa zancen. Duk shekara bayan girbin hatsi nakan zaga kufan uku in yi wa kakana addu'a, ko ɗaya ta dace. Sannan in dawo kabarin Baba in tsaya, kunya ta hana ni daɗewa.