Maɗacin da Malam Datti Ya Hana Sarewa

Tun rana ba ta yi zafi ba Malam Datti yake shiga gandun dajin da ke gabas da Gafasa, gwangwanin jan fenti na lilo a jikin kekensa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: bishiyar da ya shafa wa ja, ita masu zarto za su kayar. Tafiya yake a hankali, kansa a sama, kamar wanda mafarkinsa ya maƙale a rassa.

Masu katako miƙaƙƙiyar bishiya suke so, shi kuwa karkatattu yake ba su. Ya ga dazuzzukan da aka tsince wa miƙaƙƙu. Guragu ne suka rage suna zubar da iri, rana ta sauko har ƙasa ta ƙone tsiro. Don haka ya bar wani dogon maɗaci a tsakiyar gandun ya zama uwa.

Shekarar da rufin masallacin unguwa ya rufta, liman da kansa ya zo.

"Malam Datti, ɗakin Allah fa za a rufa. Maɗacin nan kaɗai ya ishe mu."

"Allah gafarta Malam, shi ma bai gama aikin da aka sa shi ba."

Aka koma amsa gaisuwarsa da ka. Mutanenmu sun ƙware a wannan, ba sai an koya musu ba. Ya kwance azarar ɗakinsa ya kai masallaci a amalanke, ya rufa nasa da kara da leda.

Da damina ta sauka, matarsa Larai ta ce, "Malam, ruwa fa ya hau gado. In tashi in ba shi wuri?"

"Ɗan matsa dai, baƙo ne, ba ya daɗewa."

Kai ne ka kwana a jiƙe, Datti, don bishiyar da ba ta san sunanka ba. Yau 'ya'yanta sun kewaye ta, miƙe sambal, iska na ratsa su kamar ana karatu can nesa. Mun gode, Allah ya saka maka da inuwar da ba ta gushewa.

Watan gobe Malam Datti zai yi ritaya. Masu zarto sun ji labari, har sun fara zagaya maɗacin suna auna shi da ido. Ku da kuke sallah ƙarƙashin azarar Datti, ranar da kuka ji kukan inji daga gabas, ku fito.