Dajin da ya tashi a gonar Baba

Mai abu ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah ya yi wa yayata rasuwa bayan doguwar jinya. Malama ce mai binciken ƙasa da itatuwa, amma mu a gida Uwar Toka muke ce mata.

Yaya, kin san asalin sunan. Ɗakin gwajinki ba shi da abin kallo sai jakunkunan takarda cike da ganye da ɓawo da 'yan rassa, da wata tanda da kike ƙone su har su koma toka. Ba kya sa zobe, ba kya sa awarwaro, wai kada ƙarfen jikinsu ya gurɓata awo. Har ranar bikina haka kika zo da hannu fayau, dangi suna ta yi miki tsiya, ke kuwa ko a jikinki.

Da Baba ya rasu, gonar da ya bar mana ta riga ta gaji. Ko me aka shuka, sai ganyen ya fito ɗorawa-ɗorawa. Kika roƙi a ƙyale ta ta huta, aka ƙyale, don dama ba wanda ke sa ran komai daga gare ta. Shekaru suka tura, gona ta zama daji, irin itatuwan da ke kakkaɓe ganyensu kaf da rani su sake sabo da damina. Nan ne babban wanmu ya ce ai hutu ya isa, a kira masu zarto a sare, a koma noma. Kika ƙi. Kuka daɗe ba kwa gaisawa sai ta bakina.

Ba zan manta ranar da na je yi miki faɗa a wurin aiki ba. Sai kika miƙo mini wani ɗan kasko. Reshe guda ne ya ƙone, tokarsa ba ta cika cokali ba, kuma ta yi wani shuɗi-shuɗi.

Kika ce, "Duba nan, ƙanwata. Ƙarfe da tagulla da tutiya, ɗan mitsitsi-mitsitsi, su ne abin da gonar Baba ta rasa. Saiwoyi sun nutsa can ƙasa sun haƙo su. Amma yanzu suna jikin itace, ganyen da ke zuba ne ke mayar da su a hankali. In aka sare aka kwashe yau, an loda gonar a mota ke nan."

Tun daga ranar, in na shiga dajin nan na ɗaga kai, nakan rasa abin faɗa sai tasbihi. Na tambaye ki yaushe za a gama mayarwa, kika yi dariya kika ce sai dai jikokinmu su ba da labari.

Kin kwanta ciwo ba ki da wata fargaba sai ta dajin. Kin san da kin rufe ido ba mai tare wa itatuwan faɗa, ni ma kuma haka na ɗauka.

Ranar jana'iza aka nemi itacen rufe kabari. Masu haƙa suka ɗauki gatari suka nufi gonar, tunda ita ce kusa. Babban wanmu, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya bi su har bakin daji ya tsaya a gabansu. Ya ce, "Ku je ku nemo a wani wuri. Nan ko reshe ba za a taɓa ba." Sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya sa duk ganyen da ya faɗo a dajin nan ya zama lada a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki da ɗalibanki, da babban wanmu, wanda ya fi mu duka buƙatar haƙuri. Allah ya ba mu dangana.