Ƙaramar Tukunya

Shekarun baya, shekarar da maigidana ya tafi aikin Hajji, na zauna ni kaɗai a gidanmu na Gaya kusan kwana arba'in. Babbar 'yarmu tana ɗakin mijinta a Kano, ƙannenta biyu suna makarantar kwana. Tun da aka kawo ni daga Ajingi ina amarya, ban taɓa wuni guda babu wanda ya ce min "a ba ni" ba. Na ɗauka hutu zan sha. Ashe hutun ma sai wanda ya iya shi.

Ranar farko da la'asar na ɗora tukunya kamar kullum. Tuwon dawa, miyar busasshiyar kuɓewa, ba yaji ba tsami, saboda maigida yana fama da gyambon ciki tun yana saurayi. Na kwashe a kwanonsa, na rufe, na ɗauka har ƙofar zaure inda yake cin abinci da maƙwabta. Sai da na ga tabarma a naɗe jikin bango na tuna mai kwanon yana Madina. Na tsaya riƙe da tuwo kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Na dawo na yi loma uku a tsaye, na zuba wa kaji sauran. Kada ku ɗauka na yi hankali. Kwana shida ina dafa wa mutumin da ba ya ƙasar, kaji suna ta shagali.

Ƙanwata ta leƙo daga Ajingi, ta ga gidan shiru, ta ce zaman nan zai sa min ciwo. Ta tura min wani fim a waya. Ta ce na Indiya ne amma ba irin na rawa da waƙa ba, yarensu ma daban ne, wai Marati, an dai fassara shi da Hausa. Ni rabona da fim tun ina budurwa. Na kunna da hantsi ina tsintar wake, don dai in ji muryar mutum a gidan.

Labarin wata matar aure ne, mai jiki irin nawa, kullum tana gaban murhu. A wani wuri iyalin suka je gidan abinci. Mai kawo abinci ya tsaya, matar ta zayyano abin da za a kawo wa mijinta da ɗanta da surukarta, ba ta ko numfasa ba. Mutumin ya ce ita fa? Sai ta tsura wa tebur ido. Na kwashe da dariya, na ce wannan sakarya ce, mutum bai san abin da bakinsa yake so ba? Sai na yi wa kaina tambayar. Dariyar ba ta ƙarasa ba.

Na san gishirin maigida ko da idona a rufe. Na san wane ba ya cin kifi, wance sai da ƙanzo. Ni kuwa shekara ashirin da biyu abin da ya rage a tukunya shi ne abincina. Kuma don Allah kada wata ta ce mugun miji gare ni. Bai taɓa hana ni komai ba. Ni ce na ga girki biyu wahala ne, yau da gobe har na manta akwai na biyun. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, cewa in an cire maigida da yara daga cikina babu abin da zai saura.

Da ƙyar na tono abu ɗaya: kwaɗon ramar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ranar kasuwar Ajingi na shiga mota na sayo rama da ƙuli-ƙuli da barkono. Na haɗa yadda take haɗawa, na zauna, na yi bisimilla da ɗoki. Loma ɗaya, tsami ya kashe min haƙora, yaji ya hau min kai. Na sake gwadawa, ya ƙi wucewa. Harshena ya riga ya zama na maigida. Yarinyar da take son wannan kwaɗo ta daɗe da tafiya, ko rakiya ban yi mata ba. Na zauna ina hawaye ina cewa barkono ne, alhali babu kowa a gidan da zan yi wa ƙarya.

Washegari na ciro 'yar ƙaramar tukunya daga cikin kayan ɗakina, wadda ban taɓa ɗorawa ba don ba ta isar kowa. Kullum in dafa abu ɗaya, na mutum ɗaya. Ɗanwake bai yi min ba. Dambu ya tsaya min a wuya. Kaji suka ci gaba da cin rabonsu. Sai a mako na uku na dace: faten wake da 'yar yakuwa, manja, attaruhu ƙwaya ɗaya. Na cinye tas a zaune, har na suɗe cokali. Na ji daɗi, na waiga in faɗa wa wani, babu kowa.

Alhaji ya dawo lafiya, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana ta rabon dabino da zamzam. Da mutane suka janye, sai na shiga zullumi. In na ɗora tukunya biyu me zai ɗauka? Ko na gaji da cimarsa, ko na gaji da shi? Kwana uku ina ciro ƙaramar tukunyar ina mayarwa. A na huɗu na ɗora.

Ya shigo ɗaukar buta ya same ni a kan tabarma da kwano a gabana.

"Baƙi muka yi ne?"

"A'a Alhaji, nawa ne."

Ya sunkuya ya leƙa kwanon. Babu faɗa a fuskarsa, mamaki ne zalla.

"Dama kina cin yaji?"

Na ce ina ci. Ya daɗe a tsaye da butar a hannu, yana kallona kamar yau aka kawo ni gidan. Can ya ce, a hankali, "To ai da kin faɗa." Ya fita alwala.

Yanzu tukwane biyu nake ɗorawa, kuma duk ranar kasuwa attaruhu yana cikin cefanen da yake aikowa, ba tare da mun sake tayar da zancen ba. Shi yana ci a zaure, ni ina ci a tsakar gida. Kaɗaicin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya, na dai daina cin abinci a tsaye. Abin da na fahimta shi ne, mace tana iya ɓacewa a gidan da ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya.

Maganarsa kuwa har yau takan dawo min ina gaban murhu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Ban dai taɓa gaya masa ba cewa a duk waɗancan shekarun, ko da ya tambaya, ba ni da amsar da zan ba shi.