Ranar da Injin Yankan Ciyawa Ya Tafi Babu Ni

A Zangouettin aka haife ni, zangon Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, kuma har aka rushe unguwar ban taɓa ganin wanda ya shuka ciyawa da gangan ba. A gidanmu ciyawa abar cirewa ce, in ta taru a zuba wa tumaki. Bayan rusau muka watse, kowa ya kama inda ya samu. Na yi 'yan shekaru ina jiran shagon atamfa na wani Bakano a kasuwar Sankaryaaré. Da ya tattara ya koma gida sai na zauna babu aiki, ga mata ga goyo.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya neme ni. Ya daɗe yana aikin lambu a gidan wata Hajiya a unguwar masu kuɗi ta Waga 2000, 'yar kasuwar zannuwa wadda dā maƙwabciyarmu ce a zango, ta san mahaifina tun yana fataucin goro. Yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani. Ban ruwa da gyaran furanni yana iyawa da lalube, amma ya ce ba zai ƙara hawa injin yankan ciyawa ba, sai dai a kawo mai ido.

Injin nan, tondez suke ce masa, kamar ƙaramar tarakta yake: kujera ɗaya, sitiyari, giya, birki, a ƙarƙashinsa kuma wani faffaɗan murfin ƙarfe da wuƙaƙe biyu ke juyawa a ciki. Ranar farko Kawu bai bar ni na hau ba. Ya cire makulli ya sa a aljihu, ya zare wayar buji, abin da 'yan Kano ke ce wa fulogi, sannan ya ce in kwanta in leƙa. Na leƙa. Kowace wuƙa ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu.

"Ka gan su?" in ji shi.

"Na gani, Kawu."

"To ba su san ciyawa ba, ba su san ƙafa ba. Duk abin da ya shiga nasu ne."

Daga nan ya maida wayar, ya tada injin, ya jefa wani busasshen reshen mangwaro a gabansa ya bi ta kai. Ƙarar da na ji ta sa na ja da baya har na take furannin Hajiya. Abin da ya fito ta gefen dama bai fi tsinken sakace ba.

Sati biyu yana koya mini. Kafin in hau sai na zaga filin da ƙafa na tsince dutse da waya da murfin kwalba. Ba a zuba esansi, wato fetur, injin na da zafi. Ba a yanka jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ba a ja baya sai an waiwaya. A gangaren da ke bayan gida, inda filin ya sauka wajen katanga, a hau a miƙe a sauko a miƙe, kada a ratsa ta gefe. Ya saya mini takalmin sawu ciki mai nauyi, ya ce ranar da ya gan ni da silifa a kan injin ranar zan bar gidan. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera. Muddin mutum na zaune injin na aiki, da zarar ya ɗaga jikinsa sai ya mutu. Kawu bai yi dogon bayani a kansa ba, cewa kawai ya yi kada in taɓa shi.

Watannin farko da tsoro nake hawa. Amma a hankali hannu ya saba, har na fara jin daɗin abin, ina zaune iska na kaɗa ni, layuka na fitowa santar a bayana.

Da damina ta kama sai maɓallin nan ya fara ba ni wahala. Ko ɗan rami na taka, kujera ta girgiza, injin ya mutu. A yanka ɗaya sai ya mutu sau goma. Lokacin Kawu yana gidansa, an yi masa aikin ido an ce ya huta. Makanise, wato makaniken da ke duba janareton gidan, ya zo rannan, na yi masa ƙorafi. Ya ɗaga kujera ya duba, ya ce maɓallin ya lalace, kuma samun irinsa sai an aiko daga waje. Ya ɗauko 'yar guntuwar waya ya haɗa bakin biyu, ya naɗe da baƙin salatif.

"Ai shi ke nan," ya ce, yana haɗa Faransanci da Mosanci, yaren mutanen garin. "Yanzu ko rawa za ka yi a kai ba zai mutu ba."

Na san abin da ya yi. Ba zan ce ban sani ba. Na tsaya ina kallo, har godiya na yi masa.

A gidan akwai mahaifiyar Hajiya, tsohuwa tukuf, muna ce mata Kaka. Kunnenta ya mutu gaba ɗaya, sai an tsaya a gabanta ta kalli baki. Ba ta taɓa yarda da wannan fili na ciyawa ba, kullum cewa take an ɓata ƙasa. Don haka ta sa aka yanka mata wani ɗan lungu a gindin katanga, ƙasan gangaren, ta shuka kuɓewa da yakuwa. Da hantsi takan fito da 'yar kujerarta ta tsugunno ta zauna tana cire musu ciyawa.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba. Hajiya za ta yi baƙi da yamma, ta aiko a ce mini tana son filin ya yi kyau. Na taɓa ciyawa na ji da lema, na ce ai rana za ta busar. Takalmina ma ya jiƙe tun a hanya, sai na jingine shi a rana na zura silifa. Na zaga na tsince duwatsu, wannan kam na yi. Kaka ba ta fito ba tukuna.

Na gama gaban gida lafiya, na zago baya. Don in yi sauri sai na ratsa gangaren ta gefe. Layi na farko ya wuce. A na biyu na hango Kaka ta fito ta zauna cikin kuɓewarta, ta ba ni baya. Na ce a raina bari in ƙarasa wannan layin in je in tashe ta. Ban ƙarasa ba. Tayar baya ta zame, gindin injin ya juya, tayar sama ta ɗaga ta dawo da ƙarfi. Ban san yadda aka yi ba, sai ji na na yi a ƙasa, kafaɗata ta bugu, bakina cike da ciyawa.

Ina kwance ina jiran in ji shiru. Shirun bai zo ba.

Na ɗaga kai. Injin na tafiya, kujera babu kowa, sitiyari na ɗan kaɗawa shi kaɗai. Zamewar ta juya masa kai ya fuskanci katanga, yana gangarawa, ciyawa na feshi ta gefensa. A gabansa, taku ashirin ko ƙasa da haka, bayan Kaka ne, da ɗankwalinta mai ruwan goro.

Na yi ihu. Na san ba ta ji, amma na yi. "Kaka! Kaka!" Muryata ma ban gane ta ba. Ita kuwa hannunta na ta kai da komo cikin ganye.

Na tashi na bi shi. Ba gudu yake sosai ba, a giya ta biyu yake, amma ƙasa na da santsi. Na tuna ta dama yake tofar da abin da ya yanka, sai na bi ta hagu. Na kai hannu wajen makulli, na kasa, yana can ƙasan sitiyari. Na sake miƙawa sai ƙafata ta hagu ta zame ta nufi ƙarƙashin murfin. Na fizge ta. Silifa ta tsaya a can. Na ji wani fat-fat-fat, na ga baƙin roba na tashi ta ɗaya gefen. A lokacin ban san ko da yatsuna a ciki ba, ban kuma tsaya dubawa ba.

Sitiyarin na cafka da hannu biyu na ja shi wajena da duk ƙarfina. Injin ya karkata, ya ja ni ina tuntuɓe a gefensa, ya kutsa cikin kuɓewar ta ɗaya ƙarshen, ya bi ta kan layi biyu, ya je ya daki katanga. Tayoyin baya suka ci gaba da haƙar ƙasa. Sai a nan na samu makullin na murɗe. Wuƙaƙen suka ɗan ƙara juyawa kafin su tsaya.

Tsakanin tayar injin da kujerar Kaka bai fi taku uku ba.

Na zube a wurin. Na duba ƙafata, yatsu biyar suna nan, babban ya ɗan kuje. Na ƙirga su na sake ƙirgawa.

Ganyen da ya fantsamo mata a wuya ne ya sa Kaka ta waiwayo. Ta kalli injin, ta kalli kuɓewarta da ta zama fili, ta kalle ni.

"Kai ɗan nan, ba ka da ido ne? Duk faɗin filin nan bai ishe ka ba sai kuɓewata? Har ta fara fure!"

Ta yi ta faɗa, ta ɗauki kujerarta ta shige ciki. Ba ta san komai ba. A ganinta ina kan injin na yi gangancin shiga gonarta.

Mai gadin gidan, wani dattijon Bamoshe, ihuna ne ya kawo shi, ya ga ƙarshen abin. Ya tsaya a kaina ya ce da Mosanci, a hankali, shi bai ga komai ba in na ce bai gani ba. Na ji daɗin maganar, kuma jin daɗin ya ƙara tsorata ni. Na turo injin da hannu na kai shi garaji. Sauran filin da adda na ƙarasa shi. Duk sanda na rufe ido sai in ga ɗankwalin nan da kujerar da babu kowa a kai.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Abinci ba ya wuce mini. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce eh. A rana ta uku bayan la'asar na hau keke na tafi gidan Kawu. Na same shi a zaure da bandeji a ido ɗaya. Na durƙusa na faɗa masa duka, har silifar.

Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "Wa ya ɗaura wayar?"

"Makanise ne, Kawu."

"Kana ina?"

"Ina tsaye."

"To gobe da safe ka zo ka ɗauke ni."

Washegari na goya shi har Waga 2000. Ya sa na kai shi garaji, ya ɗaga kujerar, ya laluba da yatsu har ya taɓa salatif ɗin. Ya warware shi, ya zare guntuwar wayar, ya damƙa mini a tafin hannu, ya ce in riƙe ta haka mu shiga wurin Hajiya.

Ban taɓa jin tsawon falon nan ba sai ranar. Hajiya na zaune tana duba wasu zannuwa da aka kawo mata. Muka gaisa, Kawu ya ce, "Hajiya, yaronku na da magana." Ya koma gefe ya bar ni.

Na faɗa, kaina a ƙasa. Da na zo wurin taku uku sai ta ajiye zanen da ke hannunta, ta yi salati, ta tashi ta shiga ɗakin mahaifiyarta. Muna jin muryar Kaka daga ciki tana tambayar me ya faru ake rungume ta da sassafe. Na tabbata aikina ya ƙare, har na fara tunanin ko za a kira 'yan sanda.

Da ta fito idanunta sun yi ja. Ta ce, "Ni na ce a yanka ranar, na san an yi ruwa. Wannan nawa ne. Waya da silifa naka ne." Ta juya wajen Kawu. "Malam, me ka gani?"

"In kin kore shi, wanda za ki kawo bai ji tsoron da wannan ya ji ba," in ji Kawu. "Amma injin ba zai tashi ba sai an sa sabon maɓalli."

Ta amince. Ta ce kada wanda ya gaya wa Kaka, kuma daga ranar ba za a tada injin ba sai an tabbatar tana cikin gida, mai gadi ya tsaya a ƙofar baya.

Sati uku aka yi kafin maɓallin ya iso, ni kuwa ina ta fama da adda, bayana kamar zai karye, amma ko kaɗan ban ƙosa ba. Da son samu ne ma kada ya iso. Ranar da aka sa shi, Kawu ya zo da kansa. Ya sa na hau na tada injin, ya ce in miƙe. Na miƙe, ya mutu. Ya ce in sake. Sai da muka yi haka sau bakwai. Sannan ya ce in je in yanka bayan gida, har gangaren.

Na ce, "Kawu, ko a bari sai gobe?"

"Ciyawa ta bushe?"

"Ta bushe."

"To je ka."

Na sa giya ta ɗaya. Zufa ta jiƙa mini riga tun kafin in kai kan gangaren. Na sauka a miƙe, na juya a ƙasa inda wuri ya daidaita, na hau a miƙe. Aikin da nakan gama kafin hantsi ya yi zafi, ranar har aka kira azahar ina kai. Kawu na zaune a inuwar mangwaro, ido ɗaya a rufe, yana bin ƙarar da kunne. Da na kashe na sauko ya ce in jira injin ya huce, in zare wayar buji, in kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashi kafin in je alwala.