Filin da Baba Ya Duba Cikin Ruwa

Wata Laraba ce cikin babbar damina, shekarar da na fara famfara, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baba ya tashi daga kan keken ɗinkinsa ya ce in ɗauko buhun ɓawon gyaɗa in biyo shi. Lokacin haya muke a unguwar Birkiteri, duk muna cushe a ɗaki ɗaya, kuma an nuna masa filaye biyu ya zaɓa. Ɗaya a kwari yake, shimfiɗaɗɗe, kusa da rijiya, ɗayan kuwa can kan gangare, ba komai sai tsakuwa da jar ƙasa. Inna ta riga ta ƙwallafa rai a kan na kwarin, har ta zaɓi inda za ta kafa murhu. Shi Baba cewa yake, "Fili cikin ruwa ake dubansa, da rani kowane fili ango ne."

Muka hau tudu, zane ya manne mini a jiki. Ya juye ɓawon cikin ruwan da ke gangarowa ya ce, "Bi su, Uwani, ki ga inda za su kwana." Ni da kullum ake zane ni saboda wasan ruwa, yau ga shi aike aka yi ni. Na bi su a guje ta bayan gidan mai ƙosai, ta ƙarƙashin ayaba, laka har gwiwa, sai ga su sun taru suna juyi a tsakiyar filin Inna, daidai wurin murhun. Da muka koma na ba da labari, Inna ta ce, "To Malam, tunda 'yarka ce alƙali, ita za ta riƙa hawo mana da ruwa." Haka kuwa aka yi. Da tulu a ka na yi ta hawan gangaren nan har na yi aure, ban taɓa ƙorafi ba, tunda ni na yanke hukuncin.

Yanzu jikata Hajara tana jami'a, karatun ƙasa take yi, duwatsu da koguna da yadda ruwa ke cin tudu. In hadari ya haɗo sai ta sa takalmin roba, su fita da 'yan ajinsu auna lambatu. Nakan ce mata, "Ke dai gado kika yi." Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, komai ke kika fara." Sai dai ita lambatun siminti take bi. Ayabar nan babu ita, kwarin ya cika da rufin kwano, kowace damina mutanensa na shanya katifu. Ni ina zaune a ƙofar gidan Baba, ƙafata a bushe, ina kallonta tana gangarawa. Da gwiwa za ta yarda, da na bi ta.