Tokar Kawu Mamman a Mararrabar Kusada

Bana shekara goma ke nan da rasuwar kawuna Mamman, mai awon hanya a sashen ayyuka na En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani. Shi ya shata mararrabar da hanyar Kusada ta haɗu da babban titi a Kankiya, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai.

Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Kafin ya kafa turke ko ɗaya, sai ya sa a barbaɗa toka a filin da safiyar ranar kasuwa. Da la'asar ya dawo ya duƙa yana karanta sawu: nan motocin gyaɗa suka karya kwana, nan jakunan mutanen Kunduru, can kuma shanun Fulanin Kaikai suka ratsa. Kasuwa bayan kasuwa yana haka, har direbobi suka laƙaba masa Sarkin Toka. Shi dai yakan ce sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe ya ware wa kowa hannunsa, ya bar wa shanu burtali mai faɗi, ya kuma roƙi ɗan doka mai ba da hannu ya riƙa tsayar da motoci duka idan garke ya iso. Wani direba ya taɓa ce masa, "Haba Malam, yau kuma saniya za mu jira?" Kawu ya ce, "Ai kai kana da birki, ita ba ta da shi."

Yanzu kuɗin man fetur sun zo. A Kaduna inda nake karatu, nakan tsaya ina kallon fitilar ba da hannu, ja, ruwan ɗorawa, kore. Da Kawu ya gan ta, da ta burge shi, don yana son kowa ya jira lokacinsa. Amma na san tambayarsa ta farko: wane launi ne na shanu?

Da na zo hutu na tarar an jibge tsakuwa a bakin burtalin. An ce za a faɗaɗa titi a haɗiye burtalin. Idan aka yi haka, garke zai hau kwalta tare da tankokin mai. Ni ba na iya magana a taro, shi ya sa na rubuta. Ba na ƙin sabon titi, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Roƙona ga masu aikin, su barbaɗa toka ko da kasuwa ɗaya ce kafin su zuba kwalta.

Kawu bai bar gidan siminti ba, babu kuma allo mai sunansa. Amma ranar kasuwar da ta wuce na ga direban wata sabuwar mota ya taka birki a wurin, ba ɗan doka, ba fitila, ya jira har maraƙin ƙarshe ya tsallaka. Ba na jin ya taɓa jin sunan Kawu.

Allah Ya jiƙan Sarkin Toka.