Buhun Da Yaya Bawa Yake Ɗinkawa A Kan Rumfa

Da bazarar nan yayana, Alhaji Bawa mai hatsi, ya cika shekara tara a ƙasa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, don na gaji da rubutun da ba ya canza komai. Amma makon jiya na je wani zaman makoki a nan Kaura Namoda, na dawo gida da ciwon yatsu da ciwon rai, kuma tun daga ranar ba ni da tunanin kowa sai nasa.

Yaya Bawa ɗan siyasa ne na gaske, kada wani ya ɗauka waliyyi nake yabo. Ya daɗe yana ciyaman na jam'iyyarsa a gundumarmu, kuma in ya hau mota ya karɓi lasifika, 'yan hamayya ba sa jin daɗin ranar. Ni da na yi aikin jirgin ƙasa har na yi ritaya ban taɓa yankar katin kowa ba, sau da yawa nakan bar wurin taro don kunyar abin da ke fita daga bakinsa. A hannunsa makullin siton jam'iyya yake, inda ake ajiye tabarmi da ƙarafa da wata babbar rumfar tamfol mai tambarin jam'iyya a tsakiyarta. Don taron siyasa aka saye ta. Sai dai garin da ake mutuwa kullum, taro kuwa sai lokaci-lokaci, rumfar ta fi sanin ƙofar gidan makoki fiye da filin kamfen.

Ranar da ya fara ba 'yan hamayya aronta, mahaifiyar Alhaji Mamman ce ta rasu, babban abokin adawarsa, wanda ko sati ba a yi ba da suka gama zagin juna a kasuwa. Yaya ya ga bai dace a kafa wa mutum tambarin abokin gaba a ƙofar gida yana cikin jimami ba, sai ya sa aka kife tamfol ɗin. Dabarar ta ci tura, domin da aka kife sai tambarin ya koma ciki, duk mai ta'aziyyar da ya ɗaga kai yana shafa addu'a da shi yake yin ido huɗu. Har Alhaji Mamman sai da ya murmusa cikin hawaye. Kafin azahar Yaya ya sa aka sauke ta, ya ɗauko buhun gero da basillar da yake ɗinke bakin buhu a shago, ya zauna a ƙasa ya rufe tambarin ruf.

Daga nan abin ya zame masa al'ada. In gidan 'yan jam'iyyarsu ne, rumfa ta tafi yadda take. In gidan hamayya ne, sai an ɗinka buhu. Ta je Zurmi, ta je Katuru, ta taɓa kaiwa har Jangeru a bayan motar hatsi. Da na tambaye shi ko ba ya tsoron manyansa, sai ya ce da ni, "Wanda anka yi ma mutuwa, mi ya haɗa shi da tambari? Bari su ƙare kukansu, in mun koma hili mu ci gaba da zagin juna."

Manyan kuwa sun ji, kuma ba su yafe ba. Da zaɓe ya zo aka faɗi a wasu akwatuna, aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai aka tuno da buhu. Aka ce yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa, aka dakatar da shi, aka karɓe makullin. Bai yi gardama ba, ya koma shagonsa, amma mu na gida mun ga yadda abin ya ci shi. Bai daɗe ba ciwon hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu cikin tsakiyar zafin bazara.

Ranar farko ta makokinsa a rana muka zauna. Rumfar da ya yi shekaru yana kai wa mutane tana kulle a sito, wanda makullin ke hannunsa ya ce sai ya ji daga sama. Washegari da safe sai ga Alhaji Mamman da mota da ƙarafa da rumfar jam'iyyarsu. Da aka warware ta, an riga an ɗinka buhu a kan tambarinsu. Ɗan Yaya, Nasiru, yana jami'a lokacin, shi ya riƙe ƙarfe ɗaya aka kafa ta.

Wannan Nasirun ne yau ɗan majalisa. Jam'iyyar da ta kori ubansa ita ta ba shi takara, wasu suka ce biyan bashin kunya ne. Mun yi murna ƙwarai. Kowa yana cewa ga sabon jini, yara masu ilimi sun shiga, za su yi abin da tsofaffi suka kasa. Ni ma na faɗa, har da ƙari, don na ɗauka wanda ya zauna a ƙarƙashin wancan buhun ba sai an koya masa komai ba.

Duk mai bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ranar kasuwa ya san wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa. Dole mota ta rage gudu har ta kusa tsayawa, ta sauka gefe ta lallaɓa ta hau. Mutanen daji masu bindiga ma sun san da shi, a nan suke jira. Wurin yana bakin iyakar mazaɓar Nasiru da ta wani matashin ɗan majalisa na ɓangaren hamayya. Shi wannan matashi ya kai ƙudiri zauren majalisa a gyara wurin a kuma sa tsaro. Ka'idar zauren ita ce in ba wanda ya tashi ya mara wa ƙudiri baya, ya mutu nan take. 'Yan ɓangarensa kaɗan ne, kuma ranar ba su zo ba. Aka juya ana duban Nasiru, tun da mutanensa ne suka fi bin hanyar. Nasiru ya duƙar da kai yana latsa waya, har ƙudirin ya mutu.

Ba zan ce wancan yaron na hamayya tsarkakakke ne ba. An ce tun kafin a zauna ya tara masu ɗaukar hoto a waje, yana son a ce shi ya yi. To, ya so sunan, sai me? Kwalbati ba ya tambayar wanda ya kawo siminti.

Da Nasiru ya zo gida gaishe ni na tare shi da maganar. Yaro ne mai ladabi, ya zauna ƙasa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baffa, ba ka san yadda wurin nan yake ba. In na tashi na mara mai baya, kahin in kai mota an kira ni, tikitina na gaba ya tahi. Ni ma ina da nawa ƙudirin bisa hanyag ga, jira nikai a ba ni dama. Kuma kai ka ga abin da anka yi ma Baba."

Na ce, "Na gani, ɗana. Ni na zauna cikin ranar."

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne ba ƙarya ya yi ba. Darasin da ya ɗauka daga rayuwar ubansa shi ne makullin da aka karɓe, ni kuma na ɗauka buhun zai tuna. Da Yaya zai leƙo yau, ban san ko faɗa zai yi masa ko tausayinsa zai ji ba. A zamaninsu ana zagi a fili a haɗu a makabarta. Yanzu yaran sun fi su iya lafazi, ba ka jin ashar a bakinsu, amma ko gaisawa da ɗan hamayya sai sun duba ko akwai mai ɗaukar hoto.

Makon jiya aka tare motar Sani Direba a wannan kwalbati. Ya yi ƙoƙarin juyawa da fasinjojinsa, aka harbe shi. Maƙwabcinmu ne, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, kuma gidansu kaf 'yan hamayya ne tun kakanni. Kafin a dawo daga makabarta Nasiru ya aiko da rumfa sabuwa fil, da tabarmi da ruwan sha. Na ji daɗi da na ga motar, na ce ashe akwai sauran jinin Yaya. Da aka kafa ta sai ga hotonsa ƙato a gefen da ke duban mutane, yana murmushi, ga tambarin jam'iyya a ƙasa.

Mahaifin Sani, Malam Isa, tsoho ne da ba ya ɗaga murya. Ya yi ta karɓar gaisuwa yana kauda kai daga wannan gefen. Can ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Alhaji, don Allah ko kana da buhu?"

Na tashi na je tsohon shagon Yaya, na samo buhu da basilla. Aka sassauto mini gefen rumfar, na zauna a ƙasa gaban jama'a na ɗinke fuskar ɗan yayana. Yatsuna sun tsufa, ɗinkin ya karkace, ba kamar na Yaya ba. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya taya ni.

Da la'asar Nasiru ya iso da jama'arsa. Ya yi gaisuwa, aka yi addu'a, yana shafawa idonsa ya faɗa kan buhun. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yunƙura zai yi magana, ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon ɗinkin, sannan ya dube ni, ya tashi ya tafi.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Bawa bayan shekara tara, ba shi da yawa. Jam'iyyarsa ta manta da shi, shagon ya koma hannun wani, rumfar tasa ta daɗe da yagewa. Abin da ya rage shi ne a garin nan har yanzu akwai tsohon da zai rasa ɗa, ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, ya san buhu ake nema. Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan Sani, ya sa sun huta.

An ce in majalisa ta dawo hutu wancan yaron na hamayya zai sake kawo ƙudirinsa. Ban kira Nasiru ba, ba kuma zan kira shi ba, na riga na faɗi abin da zan faɗa da basilla. Ranar Alhamis mai zuwa ƙanen Sani ne zai ja motar zuwa Shinkafi, kuma zai rage gudu a wurin, don ba wata hanyar.